Rumbun Mai: Tarihin Dapo da Bido a Kudancin Nijar

In aka tada zancen mai a fada ko a harabar jami'a, suna biyu ne ke fara zuwa baki, Agadem da SORAZ, wato rijiya da matata. Da wuya ka ji wani ya ambaci dapo. Alhali kowace litar da aka zuba wa ɗan kabu-kabu a gidan mai sai da ta kwana a cikin wani ƙaton tanki bayan katanga, aka auna ta, aka rubuta ta a takarda, kafin a ɗura ta a siterni.

Ƙasar da ba ta da bakin teku, dapo shi ne rumbunta. Manomi ya san damana wata uku ce ko huɗu, ci kuwa wata goma sha biyu ne, shi ya sa yake gina rumbu. Mai ma hakanan ne: yana zuwa ta hanya mai nisa wadda ke iya yankewa kowane lokaci, shansa kuwa kullum ne. Abin da nake son in nuna, ƴan uwa, shi ne kudancin Nijar ya yi shekara kusan arba'in yana ci daga rumbu biyu, ɗaya na gwamnati, ɗaya na maƙwabci, kuma na biyun ya ɓoye mana ƙanƙantar na farkon har ranar da mai shi ya rufe abinsa.

Zamanin garwa da tano

Man da ya fara shigowa ƙasar Hausa na fitila ne. Kananzir yana zuwa a cikin garwa, gwangwanin nan mai kusurwa huɗu da ke cin lita wajen 18. In mai ya ƙare, garwar ba ta zama shara, ita ce ƴan ga-ruwa suka rataya bibbiyu a sanda suna zagaya unguwanni. Da motoci suka yawaita sai tano ya shigo, mai cin lita 200. Dapo na wancan zamani bai wuce filin bayan kanti ba, inda kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ke jera tanonsu a inuwa.

Hanyar da man ke bi ita ce hanyar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram tana gangarawa Kano ta hau jirgi zuwa Ikko, kayan Turawa kuma suna hawowa ta wannan hanyar. Faransa ba ta ji daɗin ganin arzikin yankinta yana bi ta hannun Ingila ba. Tana da nata layin dogo daga Kwatano zuwa Paraku, kilomita 438, wanda aka gama a 1936, amma ya tsaya nesa da kogin Kwara. A 1953 sai ta ƙirƙiro tsarin da ta kira Hirondelle, sunan tsattsewa da Faransanci: kamyo ya ɗauko kaya daga Paraku ya hawo arewa, ya koma da gyaɗa, hukuma ta cika masa kuɗin hanya don kada Kano ta fi araha. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, wadda daga baya ta koma OCBN, don ta riƙe wannan hanya.

Tun daga nan aka dasa abin da muke fama da shi har yau. Siyasa ta ce man Maraɗi ya biyo ta Kwatano da Gaya da Dosso, tafiyar da ta haura kilomita dubu. Ƙafa kuwa ta san Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, Kano kuma wajen kilomita 240 ce daga Damagaram.

1977: gwamnati ta gina rumbunta

Bayan samun mulkin kai a 1960, shigo da mai ya ci gaba da zama a hannun kamfanonin waje irin su Shell da Mobil da Total. Su ke saye, su ke ajiya, kuma ɗan kasuwa yana ajiye daidai abin da zai sayar ne, ba ya tara kaya don ranar wuya. Ranar wuyar ta zo a 1973, da ƙasashen Larabawa suka taƙaita fitar da mai saboda yaƙin Oktoba, farashin gangar ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu cikin ƴan watanni. Wannan ya faɗo daidai da babban farin Sahel, lokacin da ake neman kamyo da gazuwal don kai tsaba ƙauyuka. Ƙasashe masu arziki suka ɗauki darasi, suka kafa hukumar makamashi ta duniya a 1974, wadda dokarta ta ce kowace ƙasa memba ta ajiye man da ya kai na kwana 90 na abin da take shigowa da shi.

A nan gida, Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, kuɗin yuraniyom na Arlit suka fara shigowa da ƙarfi, ma'adinan kansu kuma masu shan gazuwal ne sosai. A 1977 aka kafa SONIDEP, aka ba ta ita kaɗai ikon shigo da mai da ajiye shi, aka bar wa kamfanoni da ƴan kasuwa sayarwa a gidajen mai. Wanda ya san OPVN, da aka kafa a 1970 don ajiyar hatsi, zai gane tunanin: rumbun tsimi, amma na mai. Babban dapo yana Sorey, kusa da Yamai, akwai kuma wasu a garuruwa irin su Dosso da Maraɗi da Agadas. Aka haɗa da tsarin farashi ɗaya a ƙasa duka, yadda mai saye kusa da hanyar shigowa yake ɗaukar wani kaso na kuɗin kai mai wa na nesa.

Abin da ke bayan katanga

Yawancinmu daga bakin hanya muke hango tankunan, farare, kamar manyan rumbuna na ƙarfe. Farin fentin ma yana da dalili, don ya mayar da zafin rana ne, tunda esansi yana tashi ya bi iska in ya ji zafi. Saboda haka ne ake yi wa wasu tankunan esansi murfi mai iyo a kan man, yana sauka yana hawa tare da shi, don kada a bar sarari inda tururi zai taru. Kowane rukunin tanki an kewaye shi da gajeren bango, in tanki ya fashe man ya tsaya a ciki kada ya malala gari.

In siterni ta iso, ba a sauke ta sai an duba hatimin da aka ɗaure a bakin kowane ɗaki nata, a ɗebi kaɗan a gwada nauyinsa, a tabbatar ba a gauraya esansi da kananzir a hanya ba. Ana shafa wani man shafawa a bakin sandar awo, wanda ke sauya launi in ya taɓa ruwa, domin ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya. Sai an bar man ya natsa kafin a fara fitar da shi.

Babban rikicin dapo shi ne zafi. Mai yana kumbura, lita dubu ta esansi tana ƙaruwa da wajen lita ɗaya a kowane digiri. Siterni mai lita 35,000 da aka cika da tsakar rana aka sauke da sanyin asuba, in bambancin ya kai digiri goma, za a ga ta rage wajen lita 350 ba tare da direba ya taɓa ko ɗigo ba. Shi ya sa a wannan sana'a ake mayar da kowane awo zuwa digiri 15 a lissafi, don mai kawowa da mai karɓa su yi magana da harshe ɗaya. A wurin lodi kuma sai an haɗa motar da waya zuwa ƙasa kafin a buɗe tiyo, saboda gudun man a cikin bututu yana tara lantarki, tartsatsi ɗaya ya isa.

Duk wannan taka-tsantsan yana ƙarewa ne a bakin ƙofa. Daga nan rai yana hannun direba da hanya. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata siterni ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka ruga da bokiti da bido suna kwasa, wuta ta tashi. Mutum 55 suka rasu nan take, wasu da dama suka cika daga baya a asibiti. Allah ya jiƙansu.

Rumbu na biyu

A shekarar da aka kafa SONIDEP, Najeriya ma ta kafa NNPC. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, aka ja bututu daga can zuwa dapo-dapo na arewa, ciki har da na Hotoro a Kano da na Gusau. Ka duba taswira: dapon Gusau da na Kano sun fi kusa da Ƙonni da Maraɗi da Magarya bisa ga tashar Kwatano nesa ba kusa ba. Ga shi kuma gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi, litar can tana cikin mafi araha a duniya. Da aka karya darajar naira a 1986, mai riƙe da sefa ya zama sarki a kasuwar Jibiya da ta Illela. Karya darajar sefa a Janairu 1994 ta rage ribar na ɗan lokaci, amma ba ta kashe sana'ar ba.

Haka rumbu na biyu ya ginu, ba tanki ba katanga. Mota ce da aka faɗaɗa wa tanki, babur ne da aka ɗaura wa bido shida ko takwas yana ratsa gonaki da dare, ɗaki ne a cikin unguwa cike da tano, tebur ne a bakin titi da kwalabe jere da mazurari. In ka lura, duk aikin da dapo ke yi suna yi: akwai mai kawowa, akwai mai ajiya, akwai mai rabawa ƴan tebur bashi da safe ya karɓi kuɗi da yamma. Abin da babu shi ne awon digiri 15, da bangon tare malala, da kumfar kashe gobara. Unguwanni da yawa sun ga abin da fitila ɗaya ke yi wa ɗakin da aka tara bido.

Harshe ya riƙe wannan tarihi fiye da takardun duwan. A bakinmu kalmomi biyu-biyu ne ke yawo: esansi da fetur, bido da jarka, tano da duro, siterni da tanka. Na farko a kowane biyun daga Faransanci ya zo, na biyun ta Najeriya ya shigo. Wanda ya ce gazuwal da wanda ya ce gas abu ɗaya suke nufi. Akwai ma wani tarko: kalmar da Ingilishi ke kiran man mota da ita, wadda ta ba mu fetur, ƴar uwarta a Faransancin kanti kananzir take nufi. Sunan da babu shi a harshen Bature ko ɗaya shi ne wanda muka raɗa da kanmu. A Damagaram da kewaye ruwa-ruwa ake cewa, a Najeriya kuwa ƴan bumburutu ko ƴan cuwa-cuwa. A nahawu, maimaita kalma irin wannan yana rage mata ƙarfi ne, kamar fari-fari ko ja-ja, abin da ya yi kama da ruwa amma bai cika ruwa ba. Sunan ya dace da kayan da ake sayarwa a fili, gaban jandarma da ɗan duwan, amma a takarda babu su.

Rumbun maƙwabci yana da nasa sharaɗi, mabuɗin ba ya hannunka. Janar Buhari ya rufe iyaka a Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai 1986, rufewar ta haɗu da fari, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Ya dawo a farar hula ya sake rufewa a Agusta 2019, a Nuwamba na shekarar kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kowane karo kwalba ta yi tsada, amma da yake tallafin yana nan, ana buɗewa sai ruwa ya koma magudanarsa.

Matata ta zo

A Yuni 2008 gwamnatin Tandja Mamadou ta sa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan rijiyoyin Agadem. A Oktoba na shekarar aka aza tubalin matata a arewacin Damagaram, kan hanyar Tanut. An ja bututu mai tsawon kilomita 462 daga Agadem, aka buɗe SORAZ ranar 28 ga Nuwamba 2011, lokacin Issoufou Mahamadou. Shinuwa suna da kashi 60, Nijar tana da 40. Ƙarfinta ganga 20,000 a rana, ganga kuwa lita 159 ce. A lissafin lokacin, ƙasar tana shan wajen ganga 7,000 ne, saura 13,000 na sayarwa waje.

Taswirar ta juye. Siterni da ta saba hawowa daga Gaya cike ta koma wofi, yanzu daga Damagaram take cikowa ta yi yamma, kilomita wajen 900 zuwa Sorey. Man Nijar ya shiga Mali da Burkina Faso, har da arewacin Najeriya, inda matatar Kaduna ta daɗe tana tsayawa, bututun ya lalace, dapon Kano da na Gusau suka koma jiran tanka daga kudu.

Sai dai talaka farashi yake dubawa. An sa litar esansi sefa 579, jama'a suka ce man gida bai kamata ya kai haka ba, ran mutanen Damagaram ya ɓaci, kuma Disamba 2011 ta zo da tarzoma a garin har aka rasa rayuka. Daga baya aka sauko da shi 540, dala ɗari da takwas kenan. Duk da haka kwalbar bakin titi ta fi araha, don haka ɗan kabu-kabun da ke hango hasken matata da dare ya ci gaba da shan man da ya ƙetaro daga Daura.

Ku dawo kan lambar nan, ganga 7,000. Wannan abin da ya bi ta dapo ne aka rubuta. Man da ya bi ta gonaki ba wanda ya ƙidaya shi. Da wannan lambar aka ce matatar ta ishe mu har da rara, alhali a yankin da ya fi kowane yawan jama'a, daga Ƙonni zuwa Magarya, babura da injinan ban ruwa da na niƙa rumbu na biyu ne ke ciyar da babban rabonsu. Jama'a kuma tana ƙaruwa, babur ɗan Sin da ɗan Indiya ya yi araha ya cika ƙauyuka, matatar tana nan a ganga 20,000.

Ranar da aka rufe rumbun maƙwabci

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ta ci gaba da hawa. Wannan karon ba iyaka aka rufe ba, ribar ce ta mutu, kuma ba a ratsa daji da dare don kayan da ba riba. Tebura suka fara bushewa, masu babur suka koma layin gidan mai.

Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, gadar Gaya da Malanbil ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 amma gadar ba ta buɗe ba daga ɓangarenmu, kayan da ke zuwa daga teku suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso, da rakiyar soja. A Yuli 2024 gwamnati ta rage esansi zuwa sefa 499, lambar da ba ta ƙirguwa da dala, kowa dala ɗari yake cewa, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Jama'a ta ji daɗi. Amma yanzu man Nijar ne ya zama mai araha a yankin, don haka bidon da ya saba shigowa ya fara fita.

A Maris 2025 abin ya fito fili. Gidajen mai suka ƙafe a Yamai da sauran garuruwa, layi ya yi tsawo, mutane suna tura babur daga wannan gida zuwa wancan. Jami'an SONIDEP da kansu suka bayyana cewa abin da matatar ke bayarwa bai isa ba, tunda man sumoga da ke ɗauke da babban kaso na kasuwa ya janye. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 ke kai ɗanyen man Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, inda jirgi na farko ya yi lodi a Mayu 2024. Ɗanyen mai ba ya tada babur. Sai da aka nemi siterni daga waje, har da Najeriya, kafin layin ya ragu.

Mali ta nuna mana iyakar inda abin ke iya kaiwa. Daga Satumba 2025 masu ɗauke da makamai suka tare hanyoyin da siterni ke bi daga Senegal da Kodebuwa, suna ƙona su, Bamako ta rasa mai har gwamnati ta rufe makarantu da jami'o'i mako biyu a ƙarshen Oktoba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Mu da ke karatu, tambayoyin da suka kamata mu riƙa yi wa masu mulki ba su da wuyar faɗi. Kwana nawa man da ke cikin tankunan ƙasar nan zai kai mu in hanya ta yanke yau? Nawa ne a Sorey, nawa ne a sauran jihohi, tunda yunwar Difa ba a kashe ta da rumbun Yamai? Lita nawa ƙasar ke sha da gaske, yanzu da mai shan kwalba ya shigo lissafi? Sannan dubban samarin da suka yi shekaru suna rayuwa da bido, waɗanda suka san kowace hanya da kowane mai injin a ƙauye, wane wuri aka tanadar musu a cikin rabon mai na halal? A garuruwan da gidan mai mafi kusa yake nisan tafiyar awa guda, har gobe su ne dapo.

Iyayenmu sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gatarin yana hannunmu tun 2011. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa rumbun daidai bakunan da ke ci, a kuma riƙa faɗa wa jama'a abin da ke cikinsa kafin layi ya faɗa musu.